Sharar Tanderu Kafin Gashi: Nasiha Ga Masu Wuridi

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɓoye wuta cikin itace, ya ɓoye asiri cikin ƙirjin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda duk ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka. Wagga takarda ce daga bawa mai buƙatar rahamar Ubangijinsa, tsoho mai karantar da allo ga Wurogauri, wajen Kalgo, cikin ƙasar Gwandu, zuwa ga 'yan'uwa muridai waɗanda sunka karɓi wuridi. Dalilin rubuta ta, tambaya ce guda da ta yawaita ga bakinku. Mutum shina cewa: Malam, shekara kaza ina jan tasbaha, ban sha wazifa ba, amma zuciyata tana nan yadda take, ba taushi, ba hawaye. Na so in amsa muku da misalin abin da kuke gani da idonku, domin malamanmu sun kasance suna ɗauko misali daga murhu da gona da rijiya. Na kasa ta fasali biyar da cikawa. Allah shi sa ta zama domin zatinsa.

Fasali na farko, cikin bayanin aikin tanderu

Ku sani, ya 'yan'uwana, tanderun masu burodi ɗaki ne ƙarami na laka ko na jan bulo, mai daɓe shimfiɗaɗɗe da rufi mai kama da tulluwa. Mai gashi shina cika shi da itace, shi kunna wuta, shi bar ta tana ci. Da farko rufin shina yin baƙi ƙirin da kunkunniya. Idan zafi ya kai matuƙa sai kunkunniyar ta ƙone, rufin shi koma fari, kuma wannan ita ce alamar da masu aikin ke jira. Abin da ke gasa burodi shi ne zafin da laka ta sha ta riƙe, harshen wuta kuwa ya riga ya gama nasa aiki kafin a sa kome.

Daga nan sai mai gashi shi yi abu huɗu bi da bi. Shi janye garwashi da dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Shi share toka, wadda mu nan muke ce ma habɗi, har cikin lungunan da hannu ba shi kai. Shi ɗaura tsumma ko tsohon buhu ga bakin sanda, shi jiƙa, shi matse, shi goge daɓen da sauri. Sa'an nan shi rufe ƙofa ɗan lokaci, domin zafi shi daidaita, kada ƙurya ta ƙone abin da anka sa mata, bakin ƙofa kuwa shi bar nasa ɗanye. Waɗansu suna watsa ɗan gari bisa daɓe. In ya yi baƙi nan take, zafi ya yi yawa, a dakata. In ya yi ja a hankali, lokaci ya yi.

Masu gurasa na Kano tanderunsu daban ne, kamar randa yake, garwashi shina zama ƙasa, ana liƙa kwaɓin ga jikin bango. Su ma sai sun goge bangon, in ba haka ba gurasar ba ta kamawa, sai ta sulluɓe ta faɗa cikin rushi.

Me ya sa ba a barin toka? Saboda ita toka shamaki ce. Zafi ba shi ratsa ta da sauƙi, shi ya sa mata ke binne garwashi cikinta da dare, su tone da asuba su iske shi da rai. Idan ta shiga tsakanin daɓe da abin gashi, sai sama ta yi ja, ƙasa ta zauna ɗanya. Wanda ya taɓa jikinta kuwa sai ta manne masa, mai ci shi ji tsakuwa-tsakuwa ga haƙori da ɗaci ga harshe. Ga gari mai kyau, ga itace an kashe kuɗi, ga dare an raba ba barci, duka sun tafi saboda aikin da bai kai tsawon salla raka'a huɗu ba.

Fasali na biyu, cikin bayanin tokar zuciya

Zuciyar muridi ita ce tanderu. Mujahada ita ce wuta: tsayuwar dare, da azumi, da hana rai abin da yake so. Zikiri shi ne abin da ake son shi nuna a ciki. Magabatanmu sun tsara tafiya bisa mataki uku, sunka kira su tahalli da ha mai ɗigo, wato wofintar da zuciya daga mugun hali, da tahalli da ha maras ɗigo, wato yi mata ado da kyakkyawan hali, sa'an nan tajalli, wanda kyauta ce daga Allah, bawa ba shi da hannu cikinta. Ku duba, tsakanin na farko da na biyu ɗigo guda ne ga rubutu, amma wanda ya tsallake na farko bai samu na biyu ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 ta Hijira, cikin Ihya'u ya gabatar da rubu'in halaye masu halakarwa bisa rubu'in masu tsirarwa. Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya yi littafi musamman kan wanga babi, shi ne Tahzibul Insani min Hisalish Shaiɗani.

Toka iri uku ce.

Ta farko, tokar zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ya zo cikin hadisi, ma'anarsa, duk sa'ad da bawa ya yi zunubi ana ɗiga masa baƙin ɗigo ga zuciya, in ya tuba a goge, in ya ƙara a ƙara, har shi rufe ta. Wannan shi ne tsatsar da anka ambata cikin Suratul Muɗaffifina. Ku lura, surar ta fara ne da masu tauye mudu. Wanda ya tauye tiya ga kasuwar Kalgo da rana, ya zauna wazifa da maraice, ya san daga ina baƙin ya shigo.

Ta biyu, tokar haƙƙin mutane da gaba. Bashin da anka ci anka yi shiru. Kunya guda da anka ci daga gonar maƙwabci sa'ad da ake gyaran iyaka ga fadama. Shanun da anka saki cikin shinkafar wani da dare, da kuɗin ɓarna da anka ɗora wa makiyayi fiye da abin da dabbarsa ta ci. Gadon marayu da na mata da anka riƙe da sunan ajiya. Ɗan'uwan da anka daina gaisawa da shi tun rabon gida. Wagga toka istigfari kaɗai ba shi ɗauke ta. Ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa masu tauhidi ranar Litinin da ranar Alhamis, sai mutum biyu masu gaba, su ana jinkirta su har su shirya. Mako nawa ke cikin shekara goma? Mai gaba shi ƙidaya da kansa.

Ta uku ita ce ta fi ɓoyo, kuma dominta na fi son rubuta wagga takarda. Ku tambayi kanku: daga ina toka ke shiga tanderu? Ba iska ke kawo ta ba, ba maƙiyi ke zubawa ba. Itacen da mai gashi ya zaɓa da hannunsa, mai kyau, busasshe, shi ne ke barin ta bayan ya gama amfaninsa. Haka nan ibada. Ba wata tsayuwar dare da za ta wuce ba ta bar ɗan habɗi ba: ganin kai, da jin cewa na fi wane da ke barci, da son a ce wane ba shi rabuwa da masallaci, da ƙidayar dubban da anka ja domin a faɗa wa wani. Mai yawan zunubi ya san tanderunsa da datti. Mai yawan ibada shi ne ke mantuwa, alhali wanda ya fi ƙona itace shi ya fi tara toka. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, wanda anka gafarta wa abin da ya gabata da abin da ya jinkirta, ya faɗa cewa shina neman gafara sau 100 cikin yini. Idan ya sallame salla, abin da yake farawa da shi istigfari ne sau uku. To, me ake nema wa gafara bayan salla, in ba abin da sallar ta bari bisa daɓe ba?

Akwai wani hukunci cikin fiƙihu da zai amfane ku nan. Ga mazhabar Imamu Malik ana taimama da turɓaya da rairayi da dutse, amma ba a yin ta da tokar itace. Ga ido ta yi kama da ƙasa, laushinta ma ya fi, amma ba daga jinsin ƙasa take ba. Wanda ya yi taimama da ita ya yi salla, bai yi salla ba. Haka riya take tare da ibada: ruku'u ɗaya, sujada ɗaya, tasbaha ɗaya, amma asali ya bambanta. Allah ya buga misali cikin Suratu Ibrahima da toka ranar guguwa ga ayyukan waɗanda sunka kafirce. Ayar ba ta sauka kanmu ba, amma mai hankali shina jin tsoron kada aikinsa shi yi rashin nauyi irin wannan.

Fasali na uku, cikin yadda ake shara

Tsarin mai gashi shi ne tsarin tuba, kuma sharuɗɗan tuba kun karanta su tun cikin Ahalari.

Janye garwashi shi ne barin zunubin nan take. Ba a shara bisa wuta mai ci, tsintsiya ce za ta ƙone. Wanda ke istigfari da harshe, ƙafarsa kuwa tana kan hanyar gidan da ta saba zuwa, tsintsiyarsa yake ƙonawa.

Shara ita ce nadama da istigfari, tare da niyyar ba za a koma ba. Galibin wuridin da shaihunai sunka bayar akwai istigfari cikinsa. Na Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu Bagadaza shekara ta 561, shina da shi. Lazimin 'yan'uwanmu Tijjanawa da shi yake farawa sau 100 kafin salati da hailala. Kada ku bi ta kansa da gudu kamar mai tsallake kwata domin shi isa wurin da yake so. Kafin ka ɗauki tasbaha, zauna gwargwadon abin da mai gashi ke ɗauka ga shara, ka bi yininka daga asuba: me na faɗa, me na kalla, me na ci, wa na ɓata wa rai. Ka sa tsintsiya cikin lungu, domin tsakiyar daɓe kowa na share ta.

Jiƙaƙƙen tsumma shi ne mayar da haƙƙi. Shi ke ɗauke abin da tsintsiya ta kasa. Ka tafi da ƙafarka, ka mayar da kunyar gona, ka biya bashin ko ka nemi jinkiri da bakinka, ka fara yin sallama ga wanda kuke gaba. In mai haƙƙi ya rasu, magadansa suna nan.

Rufe ƙofa shi ne shiru. Wanda ya tuba da safe ya ba da labarin tubarsa da rana, ya bar ƙofa buɗe, zafi ya fice.

Ina yi muku gargaɗi da kuskure uku da na gani ga almajirai.

Na ɗaya, busa toka da baki. Wanda ya hura ta, ta tashi ta cika masa ido da gemu, ta hau rufi, in an sa burodi ta sauko kansa. Wannan shi ne mai faɗin laifinsa cikin taro domin a ce shina da tawali'u, da mai zuwa neman gafarar ɗan'uwa sai shi tono maganar daga tushe har faɗan shi sabunta. Abin da Allah ya rufe maka, rufe shi. In ka tafi neman afuwa, taƙaita.

Na biyu, yawan ruwa. Mai gashi shina matse tsumma, domin in ya kwarara ruwa bisa daɓe mai zafi sai shi huce, wata rana shi tsage. Wannan shi ne yanke ƙauna da wasuwasi. Na ga saurayi da baƙin cikin zunubinsa ya yi masa yawa har ya bar jam'i, shina cewa irina bai dace da sahu ba. Shaiɗan bai damu da ta wace ƙofa ya fitar da kai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, dawwama cikin shara. Idan ka ce: to Malam, bari in ajiye wuridi har sai na tsarkaka, sai in ce maka: mai gashi da ya tsaya shina goge daɓe har hantsi, zai waiga shi iske tanderu ya yi sanyi, kwaɓi ya yi tsami. Shara domin gashi ake yin ta. Share gwargwadon iko, ka sa abinka, gobe ka sake sharewa, domin gobe ma za a hura wuta. Ba a share tanderu sau guda a ce an gama har abada.

Fasali na huɗu, cikin inda ake zuba toka

Toka tana riƙe garwashi da rai yini guda ko fiye, kana ganinta fara kamar ta mutu. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kaɗawa, danga da zana sun bushe, tokar da anka zuba gindin darni da maraice ita ke tashin unguwa da tsakar dare. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Haka gabar da anka ce an yafe, alhali an binne ta ne. Alamarta, in an yabi mutumin gabanka sai ka ji zafi, in wata masifa ta same shi sai ka ji sanyi. In ka ga wagga alama, zuba mata ruwa: ka yi masa addu'a da sunansa cikin sujada, inda ba mai ji sai Allah, har ranar da harshenka zai daina nauyi.

Ku tuna Ka'abu ɗan Maliku, Allah shi yarda da shi. Ya zauna bai fita yaƙin Tabuka ba, shekara ta 9, ya faɗi gaskiya bai kawo uzurin ƙarya ba, anka hana mutane magana da shi dare 50. Shina cikin wannan ƙunci sai ga takarda daga sarkin Gassan, shina kiransa shi zo a girmama shi. Ka'abu ya gane jarrabawa ce, ya nufi tanderu ya jefa ta ciki. Bai ajiye ta ƙarƙashin tabarma ba domin wata rana. Karɓar tubarsa da ta abokansa biyu tana cikin Suratut Tauba, ana karanta ta har yau.

Ku tuna kuma abin da ya faru ga ƙasarku. Bayan wafatin Shehu Usmanu shekara ta 1817, anka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a ga Sakkwato, baffansa Malam Abdullahi ya koma Gwandu, anka samu 'yan shekaru akwai nisa tsakaninsu. Da mutanen Kalambaina sunka tayar, Bello ya zo da rundunarsa ya taimaki baffansa. Masu tarihi sun ruwaito cewa da sunka haɗu, Bello ya yi shirin sauka daga doki domin girmama baffa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Ƙaramin ya zo da ƙafarsa, babban ya sauke nasa girma. Wannan Malam Abdullahi shi ne wanda, wajen shekara ta 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar runduna ya nufi gabas, har mutanen Kano sunka tsayar da shi ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ya rasu 1829, hubbarensa shina Gwandu, kuna ziyara. Larabawa suna cewa wuta takan bar toka, suna nufin uba nagari da ɗan da bai gaje shi ba. Wanda ke alfahari da kusancin hubbare ko da jinin malamai, shi duba ko garwashi ne shi, ko abin da garwashi ya bari.

Toka in ta fita tanderu ta huce, tana da amfani. Ana kai ta gona. Mata suna tace ruwanta su sa ga miya maimakon kanwa, suna dafa sabulu da shi. Marina na Ƙofar Mata cikin Kano da ita suke haɗa baba. Haka tuna zunubin da anka tuba daga gare shi: cikin zuciya lokacin zikiri shamaki ne, amma in ka ga wani ya faɗi inda ka taɓa faɗuwa, shi ne zai hana ka yi masa dariya, shi sa ka miƙa masa hannu.

Fasali na biyar, cikin itace da tanderun tarayya

Ba duka makamashi ne ɗaya ba. Ƙirya da marke suna daɗewa, suna barin garwashi mai ƙarfi. Karan dawa shina tashi da ruri, shi mutu nan da nan, toka da yawa, zafi kaɗan, kamar muridin da ya ja dubu goma makon da ya karɓi wuridi, bayan wata biyu ba a ganinsa. Kaɗan mai ɗorewa ya fi soyuwa ga Allah. Ɗanyen itace hayaƙi ne. Wanda kuwa ya hura da roba ko leda ko katako mai fenti, ko ya share sau goma warin ya riga ya shiga laka, kuma cuta ce ga mai ci. Wannan shi ne cin haram. Jikin da anka ciyar da kuɗin ruwa, ko da hatsin da anka ɓoye lokacin yunwa domin shi yi tsada, in ya tashi tsayuwar dare da wannan makamashi yake ci. Ku gyara loma kafin ku ƙara adadi.

Abu na ƙarshe. Ummu Hishamin 'yar Harisa ta ba da labari, cikin Sahihu Muslim, cewa tanderunsu da na Manzon Allah ɗaya ne har tsawon shekara biyu ko shekara da wani abu, kuma daga bakinsa ta hardace Suratu Ƙaf, saboda yawan karanta ta bisa mumbari ranar Juma'a. Tanderun tarayya hukuncinsa daban ne: tokar da ka bari, abincin maƙwabcinka za ta ɓata. Halƙar zikiri tanderun tarayya ce. Mutum biyu masu gaba cikin da'ira guda suna sanyaya ta ga kowa. Haka mai shigowa da zagin wata ɗariƙa, ko zagin waɗanda ba su riƙi ɗariƙa ba. Muƙaddami shi lura da wannan, shi kira su gefe, shi shirya su kafin a shimfiɗa. Ku taimake shi, domin sili ɗaya ba shi shara, sai an ɗaure tsintsiya.

Cikawa

Wanda ya yi tambayar da na ambata da farko, ga amsarsa. Wutarka ba ta mutu ba, wuridinka kuma ba shi da aibi, haka shaihinka. Duba abin da ke tsakanin zikirinka da daɓen zuciyarka. Kafin Alhamis mai zuwa, zaɓi haƙƙi guda ka mayar, zaɓi mutum guda ka yi masa sallama, ka zauna kaɗan kafin kowane wuridi ka yi wa kanka hisabi. Sa'an nan ka bar nuna ga mai ita, domin mai gashi shara da sa wa ne nasa, ba shi ke nunar da gari ba.

Ya Allah, ka tsarkake zukatanmu daga riya da ujubu da hassada da gaba. Ka ba mu ikon mayar da haƙƙin bayinka tun muna bisa ƙafafunmu. Ka ciyar da mu halal, ka tsare garuruwanmu daga gobara da fitina. Ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu, da wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da wanda ya ji ya isar. Wanda ya sami wagga takarda shi karanta wa wanda bai iya ba, maza da mata, kuma shi sa marubucinta cikin addu'a.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Amin.